Abin da Ya Koro Ɓera: Bida, Rufin Asiri da Soyayya daga Tamaske zuwa Ƙagaggun Labaran Zamani

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Tawa ta nufi Keita bayan an gama girbi, zai ratsa Tamaske a daidai lokacin da garin yake sallamar 'ya'yansa. Da zarar an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, sai tasha ta cika da samari, kowanne da jakarsa da ɗan guzurinsa. Wani ya nufi Sakkwato ko Kano ko Ikko, wani Kwatano ko Lome ko Abijan, wani kuma ya juya fuska arewa, wajen Agadas da Aljeriya da Libiya. Adarawa suna kiran wannan tafiya bida, wato nema, sauran Hausawa kuwa sun fi saninta da cin rani.

Ba a cika tambayar ɗan bida dalilin tafiyarsa ba, domin kowa ya ɗauka ya san shi: gona ba ta ciyar da gida shekara, ga kuɗin aure, ga suturar iyali, ga bashin da aka ci da bazara. Sai dai tarihin Adar ya nuna cewa a cikin ayarin masu neman abinci, tun da daɗewa akwai waɗanda abin da suke nema shi ne wurin da ba a san su ba. Wannan maƙala za ta bi diddigin irin wannan matafiyi, daga tarihin ƙasar Adar zuwa adabin da ya ba da labarin masu barin gida, har zuwa ƙagaggun labaran Afirka na shekarun baya-bayan nan, inda aka fara ganin saurayi ko budurwar da ke barin gida saboda son wanda suke jinsi ɗaya da shi. Addinin Musulunci ya haramta luwaɗi da maɗigo, al'adar Hausa ta ƙyamace su, kuma wannan matsayi sananne ne ga kowa. Abin da za a duba a nan shi ne yadda wannan jigo ya shigo adabi, da abin da ya bayyana game da gida da baƙunta.

Ƙasar duwatsu da hanyoyinta

Adar ƙasa ce ta duwatsu da faƙo, wadda kwaruruka masu dausayi suka ratsa, irin su kwarin Keita da na Majiya wanda ya gangara ta wajen Buza da Madawa. A cikin kwaruruka ake samun albasa da dawa da kayan lambu, a kan tudu kuwa sai gero, shi ma idan damina ta yi kyau. Masanin tarihi Djibo Hamani, a cikin littafinsa na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa, ya bayyana yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar a 1674 ya kafa sarautar Sarkin Adar. A ƙarni na 19 kuwa, ikon yankin ya kasu tsakanin manyan Abzinawa, Kel Geres ta kudu da Iwillimmidan ta arewa, ga kuma inuwar Daular Usmaniyya daga Sakkwato. Manoma Hausawa suna biyan gaisuwa ga masu takobi, bayi kuma suna noma da kiwo a ƙauyukan da iyayengijinsu ba sa zama.

Faransawa sun kafa sansani a Tawa a 1900. Abin da suka zo da shi wanda ya fi sauya rayuwar talaka shi ne harajin kai da aikin tilas. Haraji sai da kuɗi ake biyansa, kuɗi kuwa ba a Adar suke ba. Saboda haka samari suka fara gangarawa ƙasar Ingilishi, wato Nijeriya, wasu don su samo kuɗin haraji, wasu don su kuɓuta daga ɗaukar kaya da fasa duwatsun hanya. Yunwar 1931, wadda fara ta haddasa, ta ƙara tura mutane. Da aka soke aikin tilas a 1946 ta hanyar dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, hanya ta buɗe sosai zuwa kurmi, wato Gwalkwas da Kwaddibuwa.

Tun daga nan tarihin bida ya zama tarihin ƙofofin da ake buɗewa ana rufewa. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu daga Nijeriya. A 1984 aka rufe iyakokin Nijeriya, aka kuma sauya kuɗi, a daidai shekarar da fari ya ƙone gonaki, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari. A wannan shekara ce aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da kulawar hukumar FAO, inda ake biyan ma'aikata da abinci. Waɗanda suka fi yawa a wuraren aikin, masu jidar duwatsu da haƙa ramukan dashen itatuwa, mata ne, domin mazan sun tafi bida. Bayan haka rikicin Kwaddibuwa na 2002 da yaƙin Libiya na 2011 kowanne ya koro nasa ayarin zuwa gida hannu rabbana.

Tafiya don sauya suna

A cikin wannan dogon tarihi akwai wani ɓangare da takardun haraji ba su rubuta ba. Benedetta Rossi, wadda ta daɗe tana bincike a yankin Keita, ta fitar da littafi a 2015 mai suna From Slavery to Aid, wato daga bauta zuwa agaji. A ciki ta nuna cewa dokar Faransa ta 1905 da ta hana cinikin bayi ba ta 'yanta kowa a rana ɗaya ba. 'Yanci a Adar ya zo ne sannu a hankali, kuma sau da yawa da ƙafa aka same shi. Bawa ko ɗan bawa da ya zauna inda aka haife shi, yana nan a matsayinsa ko da doka ta ce ya zama ɗa, domin kowa a kasuwa ya san gidan da ya mallaki kakarsa. Wanda ya yi nisa kuwa, ya sauka garin da ba mai tambayar asalinsa, ya ajiye Buzanci ya ɗauki Hausa, ya yi fatauci ko karatun allo, to, 'ya'yansa za su tashi ana kiransu Hausawa kawai. Shari'ar Hadijatou Mani, 'yar jihar Tawa, wadda kotun ECOWAS ta ba gaskiya a kan gwamnatin Nijar a 2008, ta tuna wa duniya cewa wannan tabo bai gama gogewa ba.

Ashe tun fiye da shekara ɗari da suka wuce, tafiya a Adar tana da amfani biyu. Tana cika rumbu, tana kuma rufa asiri. Baƙunta tana ba mutum abin da garinsu ba zai ba shi ba, wato damar ya zama wanda ba a riga an yanke masa hukunci ba. Amma tana karɓar farashinta, domin wanda ya tsira ta hanyar ɓoye asalinsa zai rayu da fargabar ranar da wani ɗan garinsu zai sauka a zango ya gane shi. Tabon bauta da batun da ƙagaggun labaran zamani suke magana a kai abubuwa ne mabambanta, kuma ba daidai ba ne a haɗa su a ma'auni ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne dabarar tsira: a bar inda aka san ka.

Matafiyi a cikin adabi

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ya fara ne da tafiya. Daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Umar bai zaɓi barin gida ba. Sace shi aka yi yana yaro, daga bisani wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetara hamada da shi. Soyayyar da ke riƙe da labarin ita ce ta uwa, wadda ta fita neman ɗanta, ita ma ta faɗa hannun masu bauta, aka kai ta har Tarabulus, ba ta sake ganinsa ba sai dab da rasuwarta. A nan dalilin tafiya a fili yake, kuma laifin na wasu ne.

A ɓangaren Nijar, majigi ya riga littafi kama wannan labari. Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Jaguar a tsakiyar shekarun 1950, aka fitar da shi a 1967. Samari uku ne daga bakin kogin Kwara, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel, suka taka zuwa Gwalkwas, suka yi aiki da ɗan kasuwanci a Akara da Kumasi, suka komo da kaya da labari, suka rabar da abin da suka samo cikin 'yan kwanaki. Ko da yake ba Adarawa ba ne, duk wani dattijon Tamaske zai gane kansa a cikinsu. A Moi, un Noir na 1958, Oumarou Ganda ya fito a matsayin ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, mazaunin unguwar Treichville, wanda ke son wata mace amma wani Bature ma'aikacin jirgi ya fi shi kuɗi. Nan aka fara ganin ɗacin baƙunta a zuciya: ɗan bida yana da ƙarfi da ƙuruciya, amma ba shi da abin da zai tsaya da shi a gaban wadda yake so.

Littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980 sun kawo dalili na uku. A wajen marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, abin da ke raba matashi da kwanciyar hankali yana cikin gida: auren dole, da fifita mai kuɗi, da ikon iyaye. A In da So da Ƙauna, Sumayya ta gwammace ta faɗa rijiya da ta auri wanda ba ta so. An zargi waɗannan littattafai da lalata tarbiyya, duk da cewa soyayyar da suke karewa ita ce mai ƙarewa da ɗaurin aure da albarkar iyaye. Abin lura shi ne, su ne suka koya wa mai karatun Hausa cewa zuciyar matashi tana iya zama dalilin rikici da gida, kuma marubuci yana iya tsayawa a bayanta.

Waɗanda ake gani ba a jin ta bakinsu

Al'ummar Hausa ta daɗe da sanin 'yan daudu. Ana ganinsu a tasha da kasuwa suna sayar da abinci, ana ganinsu a wuraren biki da na bori. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009. Ya nuna cewa daudu da neman maza ba abu ɗaya ba ne, ko da yake sukan haɗu, kuma da yawa daga cikin mutanen da ya zauna da su suna da mata da 'ya'ya, suna salla da azumi, suna ɗaukar kansu Musulmi masu fatan gafara. Abin da ya fi dacewa da wannan maƙala shi ne yawancin labaransu labaran tafiya ne: daga ƙauye zuwa birni, daga wannan bariki zuwa wancan, wasu har Jidda, inda suke neman kuɗi da dafa abinci, su komo da sunan Alhaji. Su ma 'yan bida ne, kuma bariki ya yi musu abin da zango ya yi wa ɗan bawan Adar.

A fagen nishaɗi kuwa, ɗan daudu abin dariya ne. Fim ɗin Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa misali ne sananne. A littattafan Hausa da suka taɓo maɗigo, musamman a makarantun kwana, yawanci gargaɗi ake yi, labarin kuma yakan ƙare da nadama ko halaka. Yanayin zamanin ma bai bar wata hanya ba. Daga shekarar 2000 jihohi goma sha biyu na arewacin Nijeriya suka ɗauki tsarin shari'ar Musulunci. A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai ta Kano, wadda daga baya ta faɗaɗa aikinta zuwa marubuta. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan Hausa da aka tattaro daga hannun ɗalibai mata. A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko nuna irin wannan alaƙa a bainar jama'a. Saboda haka littattafan da suka shahara da ba wa irin wannan mutum baki ya yi magana da kansa, da Ingilishi da Faransanci aka rubuta su, kuma galibin marubutansu su kansu suna zaune a ƙasashen waje.

Sabon matafiyi

Jude Dibia ya buɗe wannan fage a Nijeriya da Walking with Shadows a 2005, labarin magidanci a Ikko wanda asirinsa ya tonu. Amma inda jigon ya haɗu da ƙaura sosai shi ne a rubuce-rubucen Chinelo Okparanta. A gajeren labarinta mai suna America, wanda ya kai zagayen ƙarshe na gasar Caine a 2013, wata malamar makaranta a Fatakwal tana neman bizar Amurka don ta bi Gloria, wadda take so. A gaban jami'in biza ba za ta iya faɗin haka ba, sai ta ce karatu za ta je yi a kan malalar man fetur da ke ɓata muhalli. Gaskiya ce, amma ba ita ce gaskiyar da ta fito da ita daga gida ba. Ga kuma mahaifiyarta, wadda ke tsoron abin da kowace uwa a Adar take tsoro, wato wanda ya tafi ba zai komo ba.

A littafinta Under the Udala Trees na 2015, ƙaurar ta yaƙi ce. Ijeoma 'yar Ibo ce da jirgin yaƙi ya kashe mahaifinta a lokacin yaƙin Biyafara, aka kai ta aikatau garin Nnewi. Can ta haɗu da Amina, Bahaushiya marainiya wadda ita ma yaƙin ya raba da danginta. Marubuciyar ta ɗora haramci a kan haramci, domin a idon mahaifiyar Ijeoma, kasancewar Amina Bahaushiya Musulma laifi ne na daban bayan kasancewarta mace. Daga ƙarshe Amina ta auri namiji, Ijeoma ma ta yi aure ta haihu, kuma littafin ya tsaya a kan abin da irin wannan aure yake yi wa mutum uku: matar, da mijin da bai san me ya aura ba, da 'yar da aka haifa.

Uzodinma Iweala, a Speak No Evil na 2018, ya juya hanyar. Niru ɗan 'yan Nijeriya ne masu hali a birnin Washinton, ya samu gurbi a jami'ar Harvard. Da mahaifinsa ya gano halinsa, sai ya ɗauko shi ya kawo shi Nijeriya don a yi masa addu'a a coci. A nan gida shi ne wurin horo. Amma Amurkar da ake ɗauka mafaka ce ita ta kashe shi, da harsashin ɗan sanda wanda bai ga komai a jikinsa ba sai baƙar fata. A L'Armée du salut na Abdellah Taïa, wanda ya fito a 2006, matashin Maroko ya sauka Janeba bai tarar da wanda zai tarbe shi ba, ya kwana a gidan marasa galihu na wata ƙungiyar agaji ta Kirista. Mohamed Mbougar Sarr na Senigal kuwa raba jigogin biyu ya yi: Silence du chœur na 2017 a kan baƙin haure 72 da aka sauke a wani ƙaramin gari na tsibirin Sisili, sai De purs hommes na 2018, wanda ya fara da hoton bidiyo na jama'a suna tono gawar wani daga maƙabarta saboda zargin luwaɗi. Da ya ci kyautar Goncourt a 2021, murnar da aka fara yi a ƙasarsu ta gauraye da suka a kan wannan littafi na biyu.

Mafi kusa da ƙasar Hausa su ne Elnathan John da Arinze Ifeakandu. A Born on a Tuesday na 2015, Ɗantala almajiri ne da aka tura karatu nesa da ƙauyensu, rikicin zaɓe ya koro shi zuwa Sakkwato. Abin da ya gani tsakanin wasu abokan zamansa biyu a masallaci ya dame shi, ya rasa wanda zai tambaya, marubucin kuma ya bar damuwar yadda take bai warware ta ba. Ifeakandu a Kano aka haife shi a 1995, ɗan Ibo ne da ya tashi a cikin Hausawa, wato ɗan baƙi tun daga haihuwa. Tarin labaransa God's Children Are Little Broken Things ya fito a 2022, ya ci kyautar Dylan Thomas a 2023. A ɗaya daga cikinsu akwai Auwal, mai ƙaramin shago kuma mai iyali, wanda alaƙarsa da wani attajiri ta cakuɗe da bashi da buƙata, har ba a iya rabe so da neman rufin asiri na aljihu. Mutanen Ifeakandu ba kasafai suke ƙetare teku ba. Ƙaurarsu daga wannan gari ce zuwa wancan, daga ɗakin iyaye zuwa ɗakin haya, kuma ko'ina suka je sai sun rage murya.

Abin da iyaka take nema

Idan aka jera waɗannan littattafai, abu ɗaya yana fitowa fili. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tarbiyyar gida ta ginu a kan kunya da kawaici da rufin asiri, kuma sau da yawa abin da al'umma take hukuntawa shi ne bayyanawa. Wanda ya yi shiru, ya yi aure, ya sauke nauyin iyali, akan kau da kai daga gare shi. Iyakar Turai kuwa akasin haka take nema. Wanda ya nemi mafaka da wannan dalili sai ya zauna gaban jami'i da tafinta, wanda wataƙila ɗan ƙasarsu ne, ya tona abin da ya shekara ashirin yana binnewa, da kwanan wata da sunaye, kuma idan ya yi inda-inda a ce ƙarya yake yi. Har zuwa 2010, hukumomin Ingila suna iya mayar da mutum ƙasarsu bisa hujjar cewa zai iya ci gaba da ɓoyewa, sai a shekarar Kotun Ƙolin ƙasar ta soke wannan hujja a shari'ar wani ɗan Iran da wani ɗan Kamaru. A 2014 kotun Tarayyar Turai ta hana yi wa masu neman mafaka tambayoyin tsiraici da karɓar hotuna a matsayin shaida, abin da ke nuna cewa kafin nan ana yi. Matafiyin da ya bar gida saboda ba ya iya magana, ya isa inda ba za a buɗe masa ƙofa ba sai ya yi maganar da yaren da bai iya ba.

Kafin a kai ga wannan ɗaki ma akwai hamada. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A watan Mayun 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, wadda ta sa direbobin Agadas suka koma bin hanyoyin da ba rijiya, har gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta soke ta a watan Nuwamban 2023. Aljeriya kuma ta riƙa sauke waɗanda ta koro a wani fili mai nisan kilomita 15 daga Asamaka, su ƙarasa da ƙafa. Hamada ba ta tambayar kowa dalilin tafiyarsa. Mai neman kuɗin aure da mai gudun auren a bayan mota ɗaya suke zaune, jarka ɗaya suke sha.

Kammalawa

Daga 1934 zuwa yau, dalilin barin gida a adabin wannan yanki ya riƙa matsowa daga waje zuwa ciki. Umar sace shi aka yi. Samarin Jaguar haraji da neman suna ne suka fitar da su. Masoyan littattafan Kano iyaye ne suka matsa musu. Matafiyin Okparanta da Iweala da Ifeakandu kuwa yana ɗauke da dalilinsa a ƙirji, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan marubuta da ya yi masa alkawarin cewa ƙasar waje za ta sauke masa shi. Abin da suka rubuta ya fi kusa da karin maganar da ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mai karatu a Tamaske ko Buza ko Madawa yana iya ƙin halin da waɗannan littattafai suke bayyanawa, kuma addininsa ya ba shi hujjar haka. Duk da haka zai tarar da abubuwan da ya sani a cikinsu: uwar da ke ƙirga damina, da wasiƙar da ba ta faɗin komai sai gaisuwa, da ɗan da ke aiko da kuɗi kowane wata amma kullum yana da uzurin da ya hana shi zuwa salla. Tarihin Adar ya riga ya nuna cewa akwai waɗanda suka tafi don kada a kira su da sunan da aka san kakanninsu da shi, kuma sai bayan shekaru masu yawa masana suka zauna suka saurari jikokinsu. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, in ji Hausawa, ya fi wutar zafi. Masu ƙididdiga suna iya faɗin yawan waɗanda suka hau mota a tashar Tamaske bayan girbi da yawan kuɗin da suka aiko. Abin da ya koro kowanne daga cikinsu, wannan ƙagaggen labari ne yake iya tambaya, kuma marubutan Afirka sun fara tambayar.